Yadda aka cire mini tsiro a tumbi alhali jinina ba ya tsayawa

A sallar la'asar na fara gane cewa akwai matsala. Ina ɗagowa daga ruku'u sai masallacin ya juya mini, sai da na dafa kafaɗar na kusa da ni kafin na tsaya daidai. Dama an yi watanni ina haki in na hau benen makarantar da nake koyar da lissafi, har ɗalibai sun fara tambaya ko Malam ba shi da lafiya, don tafin hannuna ya yi fari fat kamar na shafa alli. Na ɗauka gajiya ce da ƙarancin barci. Da aka auna jinina sai aka ce himogulobin ɗina, wato sinadarin da ake auna yawan jini da shi, ya sauka zuwa 7.8, alhali namiji baligi ana son ya kai 13. Ashe jini na tsiyaya a wani wuri a cikina, kaɗan-kaɗan, ban sani ba.

Ga wani, hanyar a miƙe take: a leƙa, a ga inda yake yoyo, a toshe. Ni kuwa da himofiliya aka haife ni, ciwon rashin tsayawar jini. A cikin jinin mutum akwai sinadarai da ke haɗuwa su ɗaure rauni, an ba su lambobi, nawa na takwas ne ya yi ƙaranci. Mu masu ciwon, fakta kawai muke ce wa wannan sinadari. Mai lafiya yana da tsakanin kashi 50 zuwa 150. Wanda nasa bai kai kashi 1 ba, ciwonsa mai tsanani ne, daga 1 zuwa 5 matsakaici, sama da 5 har zuwa 40 kuma ana ce masa mai sauƙi. Nawa 7 ne. Wannan suna na mai sauƙi ya sha ruɗar mutane, har da ma'aikatan lafiya, domin sauƙin yana nan ne kawai muddin ba a yanke ka ba.

Ina shekara bakwai aka yi mana kaciya, mu biyar, da sanyi. Sauran yaran suna ta cin kaji suna warkewa, ni kuwa jinin ya tsaya da yamma, cikin dare ya dawo, ya jiƙa tabarma. Wanzami ya zo ya zuba garin bagaruwa, ya sake ɗaurewa, washegari ya sake ɓallewa. A rana ta uku aka ɗauke ni ranga-ranga zuwa asibiti aka ƙara mini jinin Baba. Inna ta ce haka ƙanenta ya tafi tun yana jariri, bayan an cire masa beli, aka ce baki ne. Sai da na kai shekara 27, aka cire mini haƙori na yi kwana huɗu ina tofar da jini, sannan wata likitar jini ta faɗa mini sunan abin da ke damuna. Abin da na ɗauka daga waɗannan biyun shi ne, jininmu bai fi na kowa gudu ba. Yakan tsaya da farko, don ƙwayoyin da ke fara toshe rauni lafiyarsu lau. Ragar da za ta zo ta ɗaure toshiyar ce ba ta da ƙwari, sai bayan awoyi ko kwanaki, lokacin da kowa ya saki jiki, wurin ya buɗe.

Akwai laifina a cikin wannan rashin jini, kuma zan faɗe shi don wani ya tsira. Gwiwata ta dama tana ciwo tun wata faɗuwa da na yi a filin ƙwallo ina saurayi, jini ya taru a cikinta. Na fi shekara ina zuwa kemis a haɗa mini maganin ciwon jiki. Na san asfirin ba nawa ba ne, amma ban san cewa daikulofenak da ibufurofen dangi ɗaya suke da shi ba: suna kankare fatar tumbi, kuma suna raunana ƙwayoyin nan masu toshe rauni, waɗanda su kaɗai suka rage mini. Ban taɓa tambayar mai kemis me ke cikin ƙullin ba, shi ma bai taɓa tambayata ko ina da wani ciwo ba.

Wurin farko da na je wani asibitin kuɗi ne mai na'urar leƙa ciki. Na faɗa wa wanda ya karɓe ni cewa ina da himofiliya. Ya ce, "Ai Malam wannan ba tiyata ba ce, ba wuƙa ba ɗinki. In mun ga wani abu mu cire nan take, minti ashirin ka tafi gida." Na ce to jinin fa? Ya ce za su yi mini allurar bitamin K. Nan na tattara takarduna na yi masa sallama. Bitamin K ba ya ƙara fakta ta takwas ko ɗigo, kuma wanda bai san wannan ba bai kamata ya sa ƙarfe a cikina ba. Na koma babban asibitin da nake ganin likitar jini, ita ta haɗa ni da likitan ciki, suka yi shawara cewa a fara leƙawa kawai, ba yanka, ba gutsura, a ga abin da ke nan tukuna.

Leƙen farko bai wuce minti goma ba. Bayan na farfaɗo likitan ya juyo mini da allon kwamfuta. Can ƙasan tumbi, kusa da ƙofar da abinci ke bi ya shiga hanji, ga wani tsiro ja jawur, ya ɗan fi magarya girma, santimita 2 a awonsu, tsaye a kan siririn wuya kamar naman kaza. Kansa ya ƙuje, jini na naso a jikinsa. Gefe kuma ga wani ƙarami, milimita 6. Na ce, "Likita, daji ne?" Ya ce, "Malam, ido ba ya yanke wannan hukunci. Alamarsa ta marar cutarwa ce, amma sai an cire shi an kai ɗakin gwaji. Kuma ko ba don haka ba, shi ke shanye maka jini, duk abincin da ya wuce sai ya goge shi."

An kuma gwada bahayata aka sami ƙwayar Helikobakta failori, wadda ke zama a tumbi tana haddasa kumburi da gyambon da muke kira olsa. Mu nan yunwa da yaji muke ɗora wa laifi, alhali tun 1982 wasu likitoci biyu na Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano wannan ƙwaya, har aka ba su kyautar Nobel a 2005. Daɗewar kumburin ne ke sa fatar tumbi ta yi irin wannan tsiro. Aka ɗora ni a kan magani na kwana 14, kashe ƙwayar cuta iri biyu da mai rage tsamin ciki, sannan ƙwayar ƙarin jini. Likitan ya ce ƙananan tsiro sukan motse da kansu in an kashe ƙwayar, amma mai wuya kuma mai zubar da jini ba a zuba masa ido.

Daga nan aka shiga shiri, kuma shirin ya fi aikin kansa tsawo nesa ba kusa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Likitar jini ta fara da gwajin da suke kira inhibita, wato a duba ko garkuwar jikina ta ɗauki fakta a matsayin baƙo tana yaƙarsa. Wannan na samun kusan kashi 30 cikin 100 na masu ciwo mai tsanani, a masu sauƙi bai kai haka ba, amma in akwai shi to duk faktan da aka zuba maka asara ne. Nawa ya fito babu. Sai ta gwada ni da desmofuresin, maganin da ke sa jiki ya saki ajiyar faktan da yake da ita. An sa mini shi a ruwa na rabin awa, fuskata ta ɗauki zafi kamar na leƙa murhu, aka kuma hana ni shan ruwa da yawa na kwana guda, don yana riƙe ruwa a jiki har gishirin jini ya sauka. Bayan awa ɗaya aka auna, daga 7 na hau 26. Ta ce, "Da ƙaramin abu ne da ya isa. Amma wuyan tsiron nan akwai jijiya a ciki, kuma wuri ne da ba a iya danne shi da hannu. Ina son ka kusa da 100 lokacin da za a yanka."

Lissafin a gabana ta yi, kuma da yake sana'ata ce na bi shi da biro. Kowane ma'auni ɗaya na fakta ta takwas a kan kilo ɗaya na nauyin jiki yana ɗaga ta da kashi 2. Nauyina kilo 64. Daga 7 zuwa 100 saura 93, a raba biyu, a ninka da 64, ya ba da 2,976, wato ma'auni 3,000. Abin da ya ɗaga mini hankali shi ne na gaba: faktan ba ya zama. Cikin awa 8 zuwa 12 rabinsa ya ƙone. Wanda ya kai 100 da safe, da dare yana wajen 50, washegari da safe 25. Don haka sai an bi da 1,500 da daren ranar aikin, 1,500 sau biyu a rana ta biyu, da wani 1,500 a safiyar rana ta uku. Ta ƙara 3,000 ta ce wannan ajiya ce, ba za a taɓa ba sai in wani abu ya faru. Jimilla 12,000.

Ina malamin makaranta zai samo wannan? Ko na sayar da babur ɗina da duk abin da ke ɗakina ba zan kama hanya ba. Yawancinmu a Najeriya da faktan agaji muke rayuwa, wanda Tarayyar Himofiliya ta Duniya, mai hedkwata a Montreal ta ƙasar Kanada, take aikowa, Gidauniyar Himofiliya ta Najeriya kuma ta taimaka ya isa ga cibiyoyin da ke kula da mu. Amma kayan agaji ba kullum ake da shi ba, kuma in yaro ya zo da jini a ƙwaƙwalwa ko a ciki, shi za a fara ba, haka kuma ya dace. Mako bakwai na yi ina jira. A cikinsu himogulobin ɗina ya hau zuwa 11.2, wanda shi ma riba ce. Ranar da aka kira ni aka ce kaya ya samu, a firjin ɗakin magani aka jera kwalaben da sunana a jikin kwalin, na tsaya na ƙirga su da idona, na yi wa waɗanda ban sani ba addu'a.

Abu mafi amfani da aka yi mini a duk wannan tafiya takarda ce shafi ɗaya. Likitar jini ta rubuta, likitan ciki ya sa hannu: irin ciwona, yawan faktana, awa nawa za a ba ni nawa, lambar wayar wanda za a kira ko da tsakar dare. A ƙasa da manyan baƙaƙe: ba allurar tsoka, ba asfirin da danginsa, farasitamol kawai. Aka yi kwafi uku, ɗaya a fayil, ɗaya a aljihuna, ɗaya a jakar maiɗakina. Sun kuma zaɓi ranar Talata da safe da gangan, don kwanakin haɗari na farko su faɗo lokacin da ɗakin gwaji ke buɗe kuma manyan likitoci na nan. An tsayar mini da ƙwayar ƙarin jini mako ɗaya kafin ranar, saboda tana baƙanta bahaya, kuma ba a son a rasa bambance baƙinta da baƙin jini. Daren Litinin na fara shan tiranekzamik, giram ɗaya sau uku a rana, maganin da ke hana gudan jini narkewa da wuri. Daga sha biyun dare ban ƙara sa komai a baki ba.

Da ƙarfe takwas wata nas ta zo da kwalaben a faranti. Faktan gari ne fari a gindin ƙaramar kwalba, sai a tura masa ruwansa a riƙa juyawa a hankali tsakanin tafin hannu, ba a girgizawa don kada ya yi kumfa. Ta zuƙe a sirinji ta tura ta kanula, 'yar robar da aka sa a jijiyar bayan hannuna, sannu-sannu, ina jin sanyinsa yana hawa har gwiwar hannu. Bayan minti ashirin aka ɗebi jini daga ɗaya hannun aka ruga da shi. Likitan ciki ya riga ya sa rigar aiki, amma ya ƙi farawa, ya ce sai ya ji lamba. Mun fi awa muna zaune. Sai ga waya: 91. Ban taɓa kaiwa wannan ba tun da aka haife ni, in ba a wannan safiya ba. Na ce a raina, ashe haka jinin sauran mutane yake kullum.

Aka kwantar da ni a gefen hagu. Aka fesa mini wani magani mai ɗaci a maƙogwaro, cikin minti ɗaya na ji kamar wurin ya kumbura, haɗiyar yawu ta zama aiki. Aka sa mini wata roba mai huda tsakanin haƙora don kada in ciji tiyon, aka maƙala abin awon numfashi a yatsa, aka manna wani faifai mai sanyi a cinyata, wanda ta nan wutar da za a yi yankan da ita take komawa na'ura. Tiyon baƙi ne, kaurinsa kamar ɗan yatsa, da fitila da kyamara a bakinsa. Na karanta abin da ya sawwaƙa. Nas ta ce, "Malam, in yawu ya taru bar shi ya zuba, kada ka haɗiye." Allurar barci ta shiga, abin da na iya tunawa kawai shi ne cikina yana cika da iska, da muryar likita daga nesa yana cewa a ba shi zarge.

Sauran a hoto na gani, don na roƙe shi ya nuna mini ɗaya bayan ɗaya. Da farko ya zura siririyar allura ta cikin tiyon ya tsira wa wuyan tsiron ruwan adirenalin, jijiyoyin suka tsuke, jan nan ya koma fari-fari. Sai ya danna wani ɗan ƙarfe mai baki biyu kamar matsefata, kilif suke ce masa, ya shaƙe gindin wuyan tun kafin a yanka. Sannan ya fito da zargen waya, ya rataya wa tsiron kamar yadda ake zarge akuya, ya ja ya matse a saman kilif ɗin, ya taka abin wuta da ƙafa. Wutar tana yanka tana ƙone bakin jijiya lokaci guda. Tsiron ya faɗi, ya kamo shi da 'yar raga ya fito da shi. A kan kututturen ya ƙara kilif biyu. Ƙaramin kuma da zarge marar wuta ya tsinke shi, ya sa kilif ɗaya, ya ce wa mai lafiyayyen jini ba lallai ya sa ba. Ya wanke wurin da ruwa, ya tsaya yana kallo na wasu mintuna, ba ɗigo. Duka-duka minti 35. Maiɗakina aka miƙa wa kwalbar da tsiron ke ciki, ta kai ɗakin gwaji da kanta.

Kwana uku na yi a gado. Ranar farko sai da yamma aka ba ni ruwa, washegari koko mai sanyi marar kayan yaji, sannan kunun gyaɗa da shinkafa mai laushi. Ana ba ni maganin rage tsami ta jijiya, domin tsamin tumbi da sinadarin narkar da abinci suna cinye gudan jini kamar yadda suke cinye nama, in ba a kwantar da su ba toshiyar ba ta zama. A dare na biyu kaina ya yi ciwo, wata nas da ta karɓi aiki ta zo da allura ta ce in juya. Ni barci ya fara ɗaukata, har na fara juyawa. Maiɗakina ta miƙe daga tabarma ta ce, "Sista, don Allah ki yi haƙuri, ki duba wannan takarda tukuna." Ta karanta a ƙarƙashin fitila, ta ce, "Subhanallahi, ba a faɗa mini ba. Na gode, Hajiya." Ta koma ta kawo farasitamol. Allurar tsoka ga irinmu takan tara jini a cinya ko ɗuwawu har mutum ya kasa tafiya. Ban ga laifin baiwar Allah ba, ita kaɗai ce a kan gadaje fiye da ashirin, amma ban daina tunanin wanda ba shi da mai tsaya masa da takarda ba.

Ranar sallama likitan ya zaunar da mu biyu ya ce kada mu ɗauka an gama. Inda aka ƙona da wuta yakan zama ɗan gyambo, ɓawonsa kuma yana iya faɗuwa kowane lokaci cikin mako biyu, daidai lokacin da faktan ya riga ya bar jikina na koma 7 ɗina. Ya hana ni ɗaukar kaya mai nauyi, da tafiya nesa da gari, da goro da yaji. Ya ce in riƙa duba bahayata kullum, da fitila in dare ne.

A dare na bakwai, wajen ƙarfe ɗaya, cikina ya murɗa. Na shiga bayi da fitilar waya. Abin da na gani baƙi ne wuluk, mai yauƙi da sheƙi kamar kwalta, da wani ƙarni da ban taɓa ji ba. Da na miƙe sai zuciyata ta riƙa bugawa a kunnena, gumi mai sanyi ya karyo mini. Gaskiya abin da ya fara zuwa mini shi ne in bari gari ya waye: dare ya yi, ba abin hawa, kuma wataƙila tsohon jini ne. Maiɗakina ta kalli fuskata ta ce, "Malam, wallahi ba za mu kwana a gidan nan ba." Ta buga wa maƙwabcinmu mai Keke Napep ƙofa, ta kira lambar da ke jikin takardar muna hanya. Kafin mu isa an fito da ajiyar nan ta 3,000 daga firji. Ba a jira hoto ko gwaji ba, faktan aka fara tura mini, don ƙa'idarmu ke nan: a fara ba da magani, bincike ya biyo baya. Himogulobin ya sauka daga 11.2 zuwa 9.4.

Da asuba aka sake leƙawa. Kilif ɗaya ya zame, ga wata 'yar jijiya a tsakiyar gyambon tana tsatsafo da jini. Ya sake yin allurar adirenalin, ya danna sababbin kilif biyu, jinin ya tsaya. Likitar jini ta yi ta buga waya har ta samo ƙarin kwalabe daga wata cibiya, aka ci gaba da ba ni na kwana uku, ba a kai ga ƙarin jini ba. Da ba a ware wannan ajiya tun farko ba, da kuma na bi son raina na jira safiya, ban san a wane hali za a kai ni ba. Har yau in na tuna zaman da na yi a bakin gado ina cewa a bari gari ya waye, sai jikina ya yi sanyi.

Sakamakon gwaji ya fito bayan mako uku. Likitan ya ce tsiron tumbi iri uku ne aka fi gani: akwai ƙanana da ke fitowa a saman tumbi, sau da yawa ga masu daɗewa suna shan maganin rage tsami, waɗanda da wuya su cutar, akwai waɗanda kumburi ke haifarwa, akwai kuma adinoma, wanda shi ne aka fi tsoron ya rikiɗe ya zama daji. Nawa na biyun ne, kuma ba a ga alamar daji ba ko a kansa ko a wuyansa. Na yi sujada a nan ofishinsa. An sake gwada ƙwayar Helikobakta bayan na huta da magunguna, ta mutu. Kilif ɗin kuma ya ce za su saki da kansu su fita da bahaya ba tare da na ji ba. Bayan wata huɗu himogulobin ɗina ya kai 13.6, ina hawa bene ina magana da ɗalibai. Za a sake leƙawa in shekara ta zagayo.

A zaman jiran ganin likitar jini na haɗu da wata mata da ita ma aka cire wa tsiro, amma nata ciwon dabam ne, na Von Willebrand, wanda wani likitan ƙasar Finlan ya fara bayyanawa a 1926. Shi ya fi kowane ciwon zubar jini na gado yawa, kuma yana kama maza da mata. Ta ce shekara ashirin tana al'ada ta kwana goma da haɓo, kowa na cewa haka jikinta yake. Ita desmofuresin da tiranekzamik suka wadatar da ita. Maganarta ta sa na koma gida ina kallon 'ya'yana mata biyu da wani ido. Namiji mai himofiliya ba ya ba 'ya'yansa maza, amma duk 'yarsa mace tana ɗauke da shi, kowane ɗa namiji da za ta haifa kuma rabi da rabi ne. Wasu matan ma nasu faktan yakan yi ƙasa har su sha wahala wajen al'ada da haihuwa. Na kai su an auna, babbar 58, ƙaramar 34, an buɗe wa ƙaramar kati.

Sai batun ɗan Yaya, mai shekara shida, wanda aka sa za a yi wa kaciya da sanyin bana. Uwarmu ɗaya da ita, don haka tana iya ɗauke da abin da Inna ta ɗauko. Na je har gida na same ta tana tankaɗe, na ce, "Yaya, kin tuna tabarmata?" Ta ajiye rariyar ta ce ba ta taɓa mantawa ba, ita ta wanke ta. Na ce to a dakata da wanzami, a ba ni yaron in kai shi a auna. Maigidanta ya ɗan ja, ya ce an riga an gaya wa mutane, an sayi kaji. Na ciro hoton kututturen nan mai kilif a wayata na nuna masa, na ba shi labarin dare na bakwai. Ya yi shiru, can ya ce, "Ranar yaushe suke awon?" Na ce Laraba. Ya ce in zo da wuri, shi ma zai bi mu.